Jagora a Kan Haɗa Layin Intanet Biyu a Ƙasar Birnin Gwari: Babban Layi da Na'ibinsa

Duk wanda ya san ƙasar Birnin Gwari, wadda take yamma da Kaduna da tafiyar kimanin kilomita 120 a kan hanyar da ta ratsa Buruku da Udawa ta nufi Tegina, ya san ƙasa ce mai albarkar noma da kiwo da ciniki, wadda daji ya yi wa ƙawanya, ga Kamuku da aka mayar gandun ƙasa a 1999, ga Kuyambana ta wajen Zamfara. Ya kuma san cewa a irin wannan wuri, inda garuruwa suke nesa da juna kuma hanya ba kullum take biyuwa cikin kwanciyar rai ba, saƙon da waya take isarwa ya shiga sahun larurorin rayuwa. Tun daga ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023, balle kuma bayan da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamba 2024, kuɗin shanu da na buhunan masara sun koma bin intanet, ta hannun masu POS da masu taransifa, har ya zama idan sabis ya ɗauke ranar kasuwa, ciniki kan tsaya alhali ga mai saye ga mai sayarwa, ga kuma dukiyar a tsakaninsu.

Saboda haka na ga ya dace in yi wa mai shago, da malamin asibiti, da mai yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, bayanin wata dabara da ma'aikatan sadarwa suka daɗe da sani, wato a haɗa layin intanet biyu a jikin na'ura guda, wadda ake kira rauta, a sanya ɗaya ya zama babban layi ɗayan kuwa na'ibinsa, ta yadda in babban ya faɗi rautar za ta juya ga na'ibi da kanta, in kuma ya warke ta koma gare shi ba tare da an taɓa ta ba. Juyawar kanta abu ne mai sauƙi, kusan kowace rauta mai kafar shiga biyu tana iya yinta. Inda ilmin yake shi ne a wajen hukunci: da wace hujja rautar za ta yanke cewa layi ya mutu, kuma da wace hujja za ta yarda cewa ya tashi. Wanda ya gyara waɗannan mas'aloli biyu ya gama aikin. Wanda ya bar su yadda kamfani ya saita su, to ya sayi kaya masu tsada ya ajiye.

Amma kafin a taɓa na'ura akwai sharaɗi wanda in babu shi sauran duk ɓata lokaci ne, shi ne kada illa guda ta iya kashe layukan biyu tare. Mutane da yawa suna zaton cewa in sun sayi sim na MTN da na Airtel ko Glo sun cika wannan sharaɗi, alhali kuwa galibin ƙarafan sabis a Nijeriya ba mallakar kamfanonin waya ba ne, na kamfanonin haya ne irin su IHS da ATC, kuma sau da yawa kamfani biyu ko uku sukan rataya eriyoyinsu a ƙarfe ɗaya, su sha wuta daga janareta ɗaya. To ranar da man janaretan nan ya ƙare domin motar da ke kawo shi ba ta sami hanya ba, sim biyun nan lokaci guda za su yi shiru. Bugu da ƙari, ƙarafan ƙauye sukan miƙa wa juna saƙo ne daga wannan zuwa wancan har ya isa babban gari, don haka faɗuwar ƙarfe guda a tsakiya tana iya ɗauke wa na bayansa duka. Hanyar tahaƙiƙi a nan ba ta buƙatar injiniya: ka sa sim biyun a waya biyu, ka ajiye littafi, duk lokacin da ɗaya ya ɗauke ka duba ɗayan ka rubuta, in mako biyu ko uku suka wuce littafin zai gaya maka ko layi biyu gare ka ko kuwa layi ɗaya mai suna biyu. Mutanen wannan ƙasa sun ga ƙarshen wannan al'amari a 2021, lokacin da hukuma ta rufe sadarwar waya a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomin jihar daga ƙarshen Satumba har zuwa ƙarshen Nuwamba saboda sha'anin tsaro. Wancan hukuncin hukuma ne, kuma wannan jagora ba domin tsallake irinsa aka rubuta ta ba. Na kawo shi ne kawai domin a ga yadda layukan da suka fito daga tushe guda suke faɗuwa tare.

Abin da ya fi cika wannan sharaɗi a yau shi ne a haɗa layin ƙarfen sabis da layin tauraron ɗan'adam, domin hanyoyinsu sun rabu tun daga rufin ɗaki. Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, ita ce kuma ƙasa ta farko a Afirka da ta samu. Taurarinsa suna shawagi a nisan kimanin kilomita 550 daga ƙasa, saɓanin tsofaffin taurarin VSAT da suke tsaye a nisan kilomita 35,786, waɗanda saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo ta kansu. Sai dai shi ma yana da nasa rauni, kuma rauni ne da ƙasar Birnin Gwari ta tara sababinsa: ruwan sama mai ƙarfi irin na Agusta yakan yanke shi na ɗan lokaci, reshen ɗorawa ko na mangwaro da ya tare masa sama yakan sa ya riƙa tsinkewa, sa'an nan farantinsa yana cin wuta wat 50 zuwa 100 gwargwadon irinsa, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne a kan batirin sola. A ganina wanda ya sami ikon haɗa su biyun ya sa tauraron a gaba, tun da kuɗinsa na wata ne, ya bar sim a matsayin na'ibi, tun da shi da awo ake sayar da datarsa, ga shi kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan farashi a Janairu 2025. Wanda bai sami wannan iko ba, kuma su ne mafi yawa, ya nemi sim biyu da littafinsa ya shaida masa cewa ba tare suke faɗuwa ba, in ta kama ya ɗaga eriya a kan doguwar sanda ya fuskantar da ita ga ƙarfen wani gari dabam.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar modem biyu, kowane layi da nasa, da rauta guda wadda take karɓar kafar shiga biyu, irin su MikroTik, ko TP-Link ER605, ko kowace rauta da aka ɗora wa OpenWrt, ko tsohuwar kwamfuta mai pfSense. Sai gajerun kebul biyu daga modem zuwa rauta. Dukan wayoyi da kwamfutocin gidan su bi ta rautar nan kaɗai, a kashe Wi-Fi na modem ɗin biyu, domin wanda ya haɗa wayarsa kai tsaye da modem ya fita daga tsarin baki ɗaya. Wajibi ne kuma su ukun su sha wuta daga batir guda wanda ba ya yankewa in an ɗauke wutar gari ko an kashe janareta, tun da mafi yawan ƙananan na'urorin nan wuta mai ƙarfin bolt 12 suke sha kuma ƙaramin batir yana riƙe su sa'o'i. Babu fa'ida a tanadi layi biyu sa'an nan a bar soket ɗaya ya kashe su. Wanda ya ɗaga sanda ko faranti a kan rufi kada ya yi sakaci da wayar da ake binnewa a ƙasa saboda tsawa, domin damina a nan ba ta zuwa da wasa.

Daga nan sai a duba adireshi. Kowane modem yana da lambar da yake amsawa da ita a cikin gida: na Huawei galibi 192.168.8.1, rautar Starlink 192.168.1.1, MikroTik kuwa 192.168.88.1. Ƙa'ida ita ce ɓangarori ukun, wato layi na farko da na biyu da cikin gida, kada biyu daga cikinsu su yi tarayya a lamba ta uku. In ka sayi modem biyu iri ɗaya, duka suna 192.168.8.1, to shiga ɗaya ka mayar da shi 192.168.9.1 tun kafin ka haɗa su, in ba haka ba rautar za ta rasa wanda take magana da shi. A kuma tabbata an kunna NAT, wato musanya adireshin cikin gida da na waje, a kan kafofin shiga biyun duka. Wannan mantuwa ce da ta yawaita: a saita shi a kafar farko kaɗai, ranar da babban layi ya faɗi rautar ta juya daidai, amma babu abin da ke wucewa.

Fifita layi a kan layi da lamba ake yinsa, kuma ƙaramar lamba ita ce gaba: a ba babban layi 1, a ba na'ibi 2 ko abin da ya fi haka. MikroTik da Cisco suna kiran wannan lamba nisa, OpenWrt yana kiranta ma'auni, pfSense kuwa mataki-mataki yake jera su, amma ma'anar guda ce, muddin hanyar mai ƙaramar lamba tana raye ita za a bi. Kada a rikita wannan da raba kaya tsakanin layuka biyu a lokaci guda, wanda shi ma rautocin nan suna yi; ban ba mai POS shawarar wannan ba, domin shafukan banki ba sa son adireshin mutum ya riƙa sauyawa a tsakiyar hulɗa, kuma datar na'ibi za ta riƙa zuba alhali babban layi lafiya lau yake.

To, yanzu mun iso ga zuciyar al'amarin. Rauta in an bar ta da halinta, abin da take dubawa shi ne ko kebul ɗin da ke tsakaninta da modem yana da rai, in ta matsa ƙwarai ta aika wa modem ɗin ɗan saƙon gwaji, wanda ma'aikata ke kira ping, ta ji ko zai amsa. Shi kuwa modem, da yake a kan tebur ɗaya suke, zai amsa ko da ƙarfen sabis ya mutu tun jiya, ko data ta ƙare, ko an tsinke kebul ɗin gilashi a wajen aikin hanya can kusa da Kaduna. Ta haka rautar za ta zauna a kan mataccen layi tana ganin lafiya ƙalau, na'ibi yana gefe ba a kira shi ba. Wanda yake son dalili a kan wannan ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma: wayoyin mutane a Nijeriya suna nuna sabis a cike, amma intanet ya yi nauyi ko ya tsaya, har bankuna suka riƙa ba abokan hulɗarsu haƙuri. Sandunan sabis da kake gani a fuskar waya shaida ce kawai a kan abin da ke tsakaninka da ƙarfe; ba su san kome ba game da abin da ke bayansa.

Saboda haka lalle ne a umarci rautar ta nemi shaida daga nesa, daga adireshin da yake can cikin intanet wanda ba ya barci, irin su 8.8.8.8 da 8.8.4.4 na Google, da 1.1.1.1 na Cloudflare, da 9.9.9.9 na Quad9. Kada a dogara ga guda ɗaya, domin shi ma yana iya yin shiru saboda dalilin da bai shafi layinka ba. A zaɓi biyu ko uku na kamfanoni dabam-dabam, a ce layi bai mutu ba sai dukansu sun ƙi amsawa. Kuma kada tsoron cin data ya hana: saƙon gwaji guda bai kai bayit 100 ba, in ana aika shi kowace daƙiƙa 10 ga adireshi ɗaya, zuwa da dawowa, abin da zai ci a yini bai kai megabayit biyu ba. Na'ibin ma a riƙa gwada shi haka nan da nasa adireshin, domin a san yana nan kafin ranar bukatarsa.

Akwai tarko biyu a nan waɗanda suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, saƙon gwajin babban layi wajibi ne a ɗaure shi ga babban layi kaɗai, ya fita ta nan ko kuwa kada ya fita sam. Domin in an bar shi sake, da zarar rautar ta juya ga na'ibi sai saƙon ya bi ta na'ibin ya je ya samo amsa, rautar ta ɗauka babban layi ne ya tashi ta koma masa, ta tarar da shi matacce ta sake juyawa, haka za ta yi ta kai da kawowa har a rufe shago. Maganinsa a rubuta wa adireshin shaidar hanya ta musamman ta kafar farko, a kuma toshe masa kafa ta biyu. Na biyu ya fito daga na farkon: adireshin da aka ɗaure ga babban layi ba zai samu ba duk lokacin da layin ya faɗi, don haka kada a sa shi ya zama DNS na gidan, wato mai fassara sunayen shafuka zuwa lambobi. In ka ɗaure 8.8.4.4 da 9.9.9.9 domin shaida, to bar 8.8.8.8 da 1.1.1.1 a sake domin fassara. Haka kuma kada a dogara ga DNS na kamfanin waya, domin galibi ba ya amsa wa wanda ya zo ta layin wani kamfani.

Game da lokacin juyawa, abin da na fi natsuwa da shi ga irin layukanmu na karkara shi ne a gwada kowace daƙiƙa 10, a jira amsa daƙiƙa biyu ko uku, in an rasa sau uku a jere a juya. Rabin minti ke nan, wanda mai jiran kuɗinsa zai iya haƙura da shi. In aka gajarta fiye da haka, duk ɗan tsinkewar da hadari ya jawo sai ta tayar da rautar. Akwai kuma layin da bai mutu ba amma bai rayu ba, yana amsa huɗu ya bar shida, kuma shi ya fi mataccen wahalarwa. PfSense yana zuwa da ma'aunin da yake ɗaukar layi ya faɗi in asarar saƙo ta kai kashi 20 cikin ɗari ko jinkiri ya kai rabin daƙiƙa, wannan kuwa mafari ne mai kyau, illa dai mai tsohon VSAT sai ya ɗaga ma'aunin jinkirin, in ba haka ba za a yanke wa layinsa hukuncin mutuwa yana cikin ƙoshin lafiya.

Komawa ga babban layi ita ce mas'alar da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ita ta fi bukatar tsanaki. Dalili kuwa shi ne kowace juyawa, ko ta fita ko ta komawa, tana sauya adireshin da duniya take ganinka da shi, kuma duk hulɗar da take tsakiyar tafiya a wannan lokaci tana iya tsinkewa: kiran WhatsApp ya yanke, fom ɗin rajista da aka kusa gamawa ya ɓace, mafi muni kuma a cire wa mutum kuɗi a asusunsa takardar shaida ba ta fito ba, a bar mai POS da abokin cinikinsa suna jayayya a kan abin da babu laifin ɗayansu. Juyawar fita dole ce ta sa, tun da layin ya riga ya mutu. Ta komawa kuwa zaɓi ce, domin na'ibi yana aiki, babu abin da ke ƙonewa sai 'yar data. Ga shi kuma layin da ya faɗi ba kasafai yake tashi gaba ɗaya ba: janaretan ƙarfe yakan kama ya sake mutuwa, ruwan sama yakan tsagaita ya sake kecewa, sai layin ya amsa sau ɗaya ko biyu ya koma shiru. Rautar da take komawa da amsa ta farko za ta tsinke wa mutane aiki sau goma a cikin sa'a guda, har a gwammace da ma layi ɗaya ne. Don haka ƙa'idar da nake kira gare ta ita ce a bukaci hujja mai yawa kafin komawa fiye da wadda aka bukata kafin fita: in rashin amsa uku ya isa a fita, to kada a koma sai an sami amsa 30 a jere, minti biyar ke nan, a damina ma a iya ninkawa.

Malaman fiƙihu sun yi bayani a babin salla cewa liman in uzuri ya same shi ya gabatar da wani ya ƙarasa wa jama'a, ba ya dawowa ya janye na'ibin a tsakiyar salla; yakan bi sahu ne, ya karɓi limancinsa a salla ta gaba. Haka ya kamata a saita rauta: bayan babban layi ya tabbata, sababbin hulɗoɗi su bi ta kansa, waɗanda kuwa suka riga suka fara ta kan na'ibi a bar su su ƙare a can. Manhajar mwan3 ta OpenWrt da pfSense suna iya wannan, domin suna riƙe da lissafin kowace hulɗa da layin da ta fara bi. Sai dai a lura da hulɗoɗin da ba sa ƙarewa, kamar kyamarar tsaro da ke aika hoto dare da rana, ko VPN da ke haɗa reshe da babban ofis a Kaduna, waɗanda za su iya maƙalewa a kan na'ibi kwana da kwanaki suna shan data. Irin waɗannan a sa rautar ta share lissafinsu a wani lokaci na dare da babu mai aiki, su sake ƙullawa ta babban layi.

Ga mai MikroTik, tun da ita ta fi yawa a hannun masu wannan sana'a, ga tartibin a taƙaice. A hana kafar farko rubuta wa kanta hanyar fita. A rubuta hanya zuwa 8.8.4.4 kaɗai ta kan modem na farko, a sa scope ɗinta 10. Sa'an nan a rubuta hanyar fita ta gaba ɗaya, 0.0.0.0/0, a sa 8.8.4.4 a matsayin ƙofarta, nisa 1, target-scope 11, a kunna check-gateway a kan ping. A yi wa shaida ta biyu irin wannan da nisa 2. Daga ƙarshe a rubuta hanyar na'ibi ta kan modem na biyu da nisa 3. Wannan gwaji yana tafiya kowace daƙiƙa 10, yana kashe hanya bayan rashin amsa biyu, amma illarsa ita ce yana rayar da ita da amsa guda, wato ainihin gaggawar da muka yi gargaɗi a kanta. Wanda layinsa yake yawan tashi da faɗuwa ya koma ga Netwatch, wanda a RouterOS 7, wato manhajar MikroTik, yake ba da damar a faɗi yawan saƙon da za a aika da yawan asarar da za a jure, a rubuta masa ɗan umarnin da zai kashe hanya ko ya kunna ta. A mwan3 kuwa gurabe biyu ne a fili, na yawan rashin amsa kafin fita da na yawan amsa kafin komawa, sai a cika su da lambobin da muka ambata. Duk wannan aiki a yi shi ana zaune a gaban na'urar, a kunna Safe Mode na MikroTik kafin a fara, in an gama a sauya kalmar sirri a adana kwafin saitin a wani wuri dabam.

Saura kiyaye na'ibin. Juyawar da aka yi ta da kyau ba a jin ta, wannan kuwa shi ne haɗarinta, domin babban layi yana iya mutuwa tun Litinin, yaran shago suna kallon bidiyo, kwamfuta tana sauke sabuntawarta, ba wanda ya farga sai ranar kasuwa da datar na'ibi ta ƙare aka wayi gari babu ko ɗaya. Saboda haka a sa rautar ta aiko da saƙo ta imel ko Telegram duk lokacin da ta juya ko ta koma, a kuma rubuta mata doka cewa a kan na'ibi na'urar POS da kwamfutar aiki ne kaɗai za su wuce, sauran su jira ko a rage musu gudu. Sim ɗin na'ibi ya kasance an haɗa shi da lambar NIN, yana da data mai dogon wa'adi, an kuma rubuta ranar ƙarewarta a bango, domin layin da aka bari watanni ba a taɓa shi ba kamfani yana iya rufe shi.

Ba a cewa aiki ya kammala sai an jarraba shi, kuma jarrabawar da mutane suka saba yi, wato zare kebul tsakanin rauta da modem, ita ce mafi rauni, domin ko rautar da ba a saita mata shaidar nesa ba za ta ci ta. Jarrabawa ta haƙiƙa ita ce a bar modem a kunne da kebul ɗinsa a jone, a cire masa sim, ko a zare wayar da ta hau zuwa faranti, sa'an nan a duba agogo a ga ko cikin rabin minti aiki ya ci gaba, a buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna adireshin mutum a tabbata sunan kamfanin na'ibi ne ya fito. Bayan haka a mayar da abin da aka cire, a ga ko rautar ta yi haƙurin minti biyar ɗin nan kafin ta koma. A sake cirewa a tsakiyar jiran, a ga ko ta fara ƙirgarta daga farko. Daga ƙarshe a kashe wutar kome a kunna lokaci guda, domin farantin tauraro yakan ɗauki 'yan mintoci kafin ya kama alhali modem na sim ya riga shi, kuma nan ne ake gane rautar da take hawa na'ibi da safe ta wuni a can.

Ya kai mai karatu, in kai ne mai shagon kuma wani ka ɗauko ya yi maka wannan aiki, kada ka sallame shi sai ya yi waɗannan jarrabawa a gabanka, ya kuma rubuta maka a takarda adireshin shaidun da ya zaɓa, da lokacin fita da na komawa, da kalmar sirrin rautarka. Bayan ya tafi, ka maimaita jarrabawar cire sim da kanka sau ɗaya a kowane wata, a ranar da ba ta kasuwa ba, ka ƙara yin wata kafin saukar damina.